Shekarar da Yashi Ya Binne Garkar Baba

Na sha jin ku kuna gaya wa abokanku cewa babanku ya baro ƙauye ne don ya tsani noma, ya fi son warin fetur. Ban taɓa gyara muku ba, domin ni ma wannan labarin ya fi mini daɗin ji. Amma yanzu da gwiwa ta sauke ni daga mota, hanyar gida kuma ta zama abin da ta zama har babu mai kai ku ku gani da idonku, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina da sauran hankali. Ban tsani noma ba. Korata aka yi, kuma a kan yashi aka kore ni, yashin nan da kuke gani ana jibge wa magina a bakin titi.

Kakanku mutumin Tsafe ne, ɗan tudu, wanda ya tashi yana noman dawa a gindin duwatsu. Da ya auri Inna, mahaifinta ya yanka masa fadama a bakin gulbi, tsakanin Nahuce da Bungudu, ya tare a can. Har ya koma ga Allah mutanen wurin ba su daina kiransa Na-Tsafe ba, shi kuma bai daina jin haushin sunan ba. Maimakon ya shuka rake da albasa kamar kowa, sai ya cika fadamar da mangwaro. An yi masa dariya shekaru, har itatuwan suka girma suka haɗe kai, motocin Gusau suka fara layi a bakin shingensa duk bazara. Garkar nan, wato lambun, ita ta ciyar da mu, ita ta yi mana sutura, ita ta yi mini aure. Kuma ina gaya muku ba da ƙyashi ba, ya fi son ta a kanmu. In ɗayanmu ya kwanta da zazzaɓi sai ya ce a jiƙa masa sabara. In kuwa ganyen mangwaro ɗaya ya yi rawaya, ranar ba mai cin tuwo cikin kwanciyar hankali a gidanmu.

A shekarar da nake ba ku labari ina da aure, uwarku tana da cikin fari, muna gandu ɗaya da Baba da ƙanena Garba. Can ƙarshen damina gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shanye fadama kwana da kwanaki. Ba mu damu ba. Mun saba, ruwa yakan shigo ya bar mana baƙar laka, wadda ta fi taki. Da aka ce ruwa ya janye, muka ɗauki fartanya da safe mu uku muka nufi garka, Garba har yana waƙa.

Da muka hau gangaren da ake hango fadama, waƙar ta mutu a bakinsa. Babu laka. Farin yashi ne shimfiɗe tun daga ƙafarmu har gaɓar gulbi, yana ƙyalli har ido ba ya iya kallo. Babu shinge, babu hanya, babu bukkar da muke fakewa. Itatuwan suna nan tsaye, kore shar, amma duk sun zama gajeru. Reshen da a da sai na sa gora nake taɓa shi, ranar nan da ƙirjina na ture shi na wuce. Salati kawai nake maimaitawa.

"Baba, ina rijiya?" in ji Garba.

"Kana bisanta," Baba ya ce.

Garba ya yi tsalle gefe kamar ya taka wuta. Baba kuwa ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, yana murza ganye, yana ɗiban yashi yana matsewa a hannu. Muna jira ya fashe da kuka, ko ya faɗi. Da ya gama zagayen ya dawo gabanmu, wallahi dariya yake yi.

"Ku dubi ikon Allah," ya ce. "Wagga ai huɗa ta. Allah ya yi muna huɗa, babu garma babu gumi."

Ku 'yan birni ne, bari in gaya muku huɗa. In dawa ta kai gwiwa, sai a bi ta da garma a tara mata ƙasa a gindi. Sai ta fitar da sababbin saiwoyi daga gaɓoɓinta, ta kama ƙasa, iska ba ta kayar da ita. Haka ake yi wa gero, haka ake yi wa masara da rogo. Mutumin tudu tun yana goye yake ganin wannan, kuma bai taɓa ganin shukar da ƙasa ta yi wa yawa a gindi ba. Abin da yake tsoro shi ne ruwa ya kwashe ƙasa ya bar saiwa a waje. Saboda haka Baba ba hauka ya yi ba, abin da ya sani tun yana yaro ne ya gani a gabansa.

Inna kuwa ɗiyar gulbi ce. Washegari ta yafa gyale ta je ta gani, ta dawo ba ta ce wa kowa komai ba sai da aka ajiye wa Baba tuwonsa. Ina zaune a bakin zaure ina jin su.

"Malam, a tone ma itacen ga wuya," ta ce. "Mangwaro ba dawa ba ne. In yashi ya riƙe mai wuya, tsaye shika mutuwa."

"To, yau kuma mata ka koya muna noma?"

"Ba noma nika koya maka ba. Gulbi nika hwaɗa maka. Ni anka haihwa bakinai, kai zuwa kay yi."

Abin da mutanen gari suke faɗa a bayan idonsa shekara da shekaru, yau ga shi a cikin ɗakinsa. Baba ya wanke hannu ya ture kwanon. Ya ce dawa ta nuna a gandun tudu, tsuntsu yana ci, ba shi da hannun da zai sa wasan yashi, kuma duk wanda ya kai fartanya gindin itacensa, shi da shi ne. Na tabbata da Inna ta haɗiye maganar ƙarshen nan, da abin bai kai inda ya kai ba. Amma duk wanda ya san kakarku ya san ba ta haɗiye magana, kuma a wajenta na gado.

Abin haushi, sai duniya ta riƙa ba Baba gaskiya. Kafin a gama yankan dawa, kyamro, doguwar ciyawar nan ta fadama, ya huda yashin ya fito, ya fi na bara kauri. Duman rafi ya malale ko'ina yana fure. Wata rana Baba ya shigo da reshen gwaiba da yashi ya danne, ya yi saiwoyi farare tas, ya jefa shi gaban Inna tana tankaɗe, ya juya ya fita. Ni kaina na fara cewa ko dai tsohuwa ta yi kuskure.

Sai ta ce in raka ta gaɓar gulbi in ɗauko mata itacen wuta. Na san ba itace take so ba, don akwai shi jibge a bayan ɗaki. Muka bi sabon yashin a hankali tana nuna mini da sandarta. Inda yashi bai wuce idon sawu ba, ciyawar kiri-kiri ta riga ta fito ta rufe shi. Inda ya kai gwiwa babu kiri-kiri ko ɗaya, sai duman rafi, wanda ke tafiya a bisa, in an binne shi nan ya ɓullo can. Gaba kaɗan, inda ya fi zurfi, kyamro ne kaɗai, shi kamar ma jira yake a binne shi. Bishiyar giyayya a bakin ruwa ta fitar da saiwa daga haƙarƙarinta ta ci gaba da harkarta. Can tsakiya inda yashin ya taru ya yi tudu, babu ko ɗan tsiro. Ban taɓa lura ba sai ranar, kowace shuka ta tsaya a layinta kamar an yi musu rabo.

"Kowane tsiro da iyakar yashin da shika iya ɗauka," Inna ta ce. "Dubi gaɓar ga tun daga can har can. Yara na yas da ƙwallon mangwaro nan tun ina budurwa. Ina guda da ya hito?"

Na duba. Babu.

"Ni dai na hwaɗi," ta ce. "Ɗauko min itacen mu tai."

Ba ta ce in tona ba, kada wani ya ɗora mata. Ni na yanke. A al'adar gandu, in an tashi daga aikin mai gida, sauran yinin naka ne, ka je gayaunarka, wato 'yar gonarka ta kanka. Sai na bar waken gayaunata yana fashewa a gona, na riƙa zagawa ƙarshen garka, bayan kurmin giyayya, inda Baba ba ya yawan zuwa. Wanda bai taɓa tonon yashi ba bai san wahala ba. Ka kwashe kwando ɗaya, biyu su gangaro. Sai da na gane dole a yi ramin da faɗi kamar akushi, a kafa turaku, a jingina zana, sannan ya tsaya. Da na kai ga tsohuwar ƙasa a gindin itacen farko, na sa hannu na ji ɓawon da ɗumi, ya jiƙe ya yi baƙi, yana tsami. Tsoro ya kama ni sosai, domin a sama ganyensa lafiya lau yake. Na gama uku, ina cikin gyara zanar na ukun, sai na ga inuwar mutum a kaina.

Ni ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne. Tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan", in ya matsu ya ce "yayan Garba". Ranar nan, yana tsaye a bakin ramin, sai na ji ya ce:

"Usmanu."

Kwandon ya suɓuce daga hannuna. Na rantse muku da ya zabga mini mari da ya fi mini sauƙi. Ban ma san muryarsa za ta iya furta sunan ba.

"Wa yas sa ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Ka tone ma itacena gindi rana ta ƙone su. Mai gida biyu ag gidan ga?" Ya nuna tulin yashin da na fitar. "Maida shi. Yanzu, ina kallo."

"Baba, taɓa ɓawon ga ka ji."

"Na ce maida shi."

"Ba ni maidawa."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya dube ni ya daɗe.

"To, ka girma," ya ce. "Tai ka nemi taka garka. Su ko ukun ga, kar wanda ya taɓa su. A bar su su mutu kowa shi gani."

Na yi zaton zafin rai ne, kafin gobe ya huce. Da safe na tarar an fitar mini da buhun dawa biyu an jingine a ƙofar ɗakina, rabona na gandu. Kawunaina sun zo, liman ya zo, Baba ya ce magana ɗaya ce, in maida yashin in zauna. Ni kuma jinin Inna ya hau mini kai. Inna tana ɗaki tana kuka, ban taɓa jin kukanta ba sai ranar. Uwarku ta tafi gidansu jiran haihuwa, ni kuma na hau motar albasa zuwa Gusau da tabarma da buhuna biyu. A Sabon Gari wani direba ɗan Bungudu ya ba ni wurin kwana a bayan gareji, na fara dako a tasha, daga baya na zama yaron motarsa. Aka haifi babbar yayarku, aka yi suna, Baba bai je ba, bai aika da ko goro ba. Wannan ya ci mini rai fiye da korar.

Da sanyi ya shigo, sai labari ya fara iske ni a tasha. Garkar Na-Tsafe ta yi furen da ba a taɓa gani ba. Fure har ya rufe ganye, ƙudan zuma ana jin kukansu tun daga hanya. Mutane suna zuwa kallo daga ƙauyuka. Waɗansu maƙwabta ma, waɗanda ruwa bai kai musu yashi ba, sai suka ɗauki jakuna suna jido shi daga gulbi suna jibgewa a gindin nasu mangwaron. Nawa guda uku kuwa, aka ce, furensu ɗan tsit, abin kunya. Direbobin Bungudu suka sa mini suna Mai-tonon-arziki. In na ɗaga buhu sai wani ya ce, "A hankali, kar ka tone muna mota." Ina taya su dariyar dole. Na bar gidan ubana, na bar matata da jaririya, a kan maganar tsohuwa da kiri-kiri. Har na nemi wani dattijo a tasha ya yarda zai raka ni bayan salla in je in durƙusa.

Ba a kai sallar ba. Da zafin bazara ya tsananta, wata ranar kasuwa, ina saman mota ina ɗaure kaya, sai na hango Garba a ƙasa yana ɗaga kai. Ya rame.

"Inna ta ce ka taho."

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Taho dai."

Ba mu shiga gida ba, kai tsaye ya ja ni gangaren nan. A da in ka tsaya a wurin, duhun garkar ne yake fara tarar idonka. Yau sai na ga ja, ja kamar an bi da wuta, tun daga farko har inda ido ya tsaya. Ganyen bai ma zuba ba, yana rataye a busasshe, iska tana kaɗa shi yana ƙara. 'Ya'yan da furen nan ya ɗaura sun zube tun ba su wuce goro ba, sun yi baƙi sun rufe yashin, muna taka su. Ashe furen nan na ban kwana ne, itace ne ya ji mutuwa ya zubar da duk abin da ke cikinsa. A ƙarƙashinsu kuwa duman rafi ya yi lif yana hawa kututture, kyamro ya fi ni tsawo. Garba ya tona kaɗan da hannu a gindin wani babba, wanda Baba ya fara shukawa shekarar da ya zo. Ya sa babban yatsa ya danna, ɓawon ya saɓule gaba ɗaya, wari ya taso. Na zauna a ƙasa ban shirya ba. Ni ne na tona don tsoron za su mutu, har aka kore ni a kai, amma wallahi ban taɓa yarda a zuciyata cewa abu mai girma haka zai iya mutuwa ba. Ban ji daɗin gaskiyata ba ko na ƙwayar zarra.

Garba ya ce da ganye ya fara ja daga sama, Baba ya kira gayya, mutanen gari suka fito da garma da kwanduna. Duk itacen da suka tona, haka ɓawon yake biyo hannu. Kafin azahar mutane suka fara sulalewa ɗaya ɗaya, masu jakuna kuma suka ruga su kwashe wanda suka jibga wa nasu. Tun ranar Baba bai ƙara yini a gida ba, abinci ma sai an kai masa, ya dawo kamar yadda aka kai.

"Yana ina?" na ce.

Garba ya nuna bayan giyayya da haɓa, ya tsaya a nan bai bi ni ba.

Ukun suna nan, kore, har da 'ya'ya jefi-jefi. Su kaɗai ne inuwa a duk fadamar. Zanar da na kafa ta ruɓe a gefe ɗaya, yashi yana tsiyayowa cikin ramin, kuma a cikin ramin ga Baba a durƙushe, ba hula, da ƙoƙo a hannu, yana kwasa yana zubawa a kwando. Mutumin da na bari yana saɓa damin dawa shi kaɗai, yau ƙasusuwan wuyansa ana ƙirgawa. Kwandon ya riga ya cika, yana ta ƙara masa yana zubewa. Na durƙusa a bakin ramin na yi sallama, na gaishe shi. Bai ɗago ba. Na sake gaishe shi. Sai da na fidda rai, sannan ya yi magana, idonsa a kan gindin itacen.

"Kwandon ga ya hi ƙarhina," ya ce. "Ɗauka."

Na tuɓe riga na sauka na ɗauka.

"Can nesa za ka zubas, kar iska ta maido shi."

Haka muka yi har rana ta yi sanyi, yana cikawa ina ɗauka. Bai ce ya yi kuskure ba, a ranar ko bayanta, ni ma ban taɓa neman ya faɗa ba, kuma ban yarda wani cikinku ya ce kakansa ya ci bashin haƙuri ba. Bai ce in dawo gida ba, domin babu gidan da zan dawo. Itace uku ba sa riƙe magidanci biyu, gandun tudu kuwa da kyar yake kai su damina. Abin da ya mai da ni ɗan tasha har tsufa ke nan.

Da na ga motar ƙarshe za ta wuce ni, na karkaɗe jiki na sa riga, na ce masa zan koma. Ya ce to. Na hau bakin ramin na fara tafiya, sai na ji muryarsa a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Ance ana saida shebur Gusau."

Na tsaya. Na ce ana sayarwa, Baba.

"In za ka taho Jumma'a," ya ce, "taho da guda biyu."